Tsakanin Zamani da Tarihi: Sharhi a kan Rushe Babban Laburaren Birmingham da Tsirar Zauren Tunawa

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushe, kalmomin "zamani" da "tarihi" kishiyoyin juna ne. In an ce "ginin zamani", abin da ke zuwa a rai shi ne siminti da ƙarfe da gilashi. In kuwa an ce "ginin tarihi", sai hankali ya koma ga ganuwa da soro da tubali. Wannan rabe-rabe yana da amfani a maganar yau da kullum, amma yana ɓoye wata matsala, watau cewa ginin zamani shi ma yana tsufa, kuma akwai wani lokaci a rayuwarsa da sabuntarsa ta gushe, alhali tsufansa bai kai a girmama shi ba. A wannan tsakani ne gine-gine masu yawa suke halaka.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan hukuncin da birnin Birmingham na ƙasar Ingila ya yanke wa waɗansu gine-ginen jama'a guda biyu da ke maƙwabtaka da juna, tafiyar 'yan mintoci kaɗan a ƙafa. Na farko shi ne zauren tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, wanda Turawa ke kira Hall of Memory, wanda aka buɗe a 1925. Na biyu kuma shi ne Babban Laburaren birnin, wanda aka buɗe a 1974. A shekarar 2014 aka ɗaga darajar na farkon zuwa matakin ƙoli na kariyar doka, a ƙarshen 2015 kuma aka sa wa na biyun motocin rusau. Za a duba hujjojin da aka kafa wajen rushewar, a auna nauyinsu, sa'an nan a nemi dalilin da ya sa ɗaya ya tsira ɗaya ya tafi.

2.0 Gine-ginen Biyu

2.1 Zauren Tunawa

Birmingham ta rasa mutum 12,320 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ban da dubban da suka dawo da raunuka. Bayan yaƙin sai jama'ar gari suka yi karo-karo aka gina musu wannan zaure. An aza harsashinsa a 1923, aka buɗe shi ran 4 ga Yuli 1925. S. N. Cooke da W. N. Twist ne suka zana shi. Ƙaramin gini ne na farin dutse, mai kusurwa takwas da ƙubba a bisa. A waje akwai mutum-mutumi huɗu na tagulla, aikin Albert Toft, masu wakiltar sojan ƙasa da na ruwa da na sama da kuma matan da suka yi hidimar yaƙi. A ciki kuwa akwai akwatin gilashi da ke ɗauke da littattafan sunayen mamatan, aka kuma ƙara da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi na biyu da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya.

Abin lura a nan shi ne, an yi nufin zauren ya zama ɓangare na wata babbar unguwar ofisoshin hukuma da dandali, amma ba a taɓa kammala wannan shiri ba. Gini ɗaya kawai aka samu aka tayar daga cikinsa kafin yaƙi na biyu ya tsayar da aiki. Ke nan tun farko zauren maraya ne na wani tsari da ya mutu a takarda.

2.2 Babban Laburare

Shi ma laburaren haka ƙaddararsa ta kasance. John Madin, haifaffen Birmingham, shi da abokan aikinsa ne suka zana shi, aka fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, Harold Wilson kuma ya buɗe shi ran 12 ga Janairu 1974. An gina shi bisa salon da ake kira na ɗanyen kankare, watau salon da ba ya ɓoye kayan da aka yi gini da su a bayan fenti ko ado. Babban sashensa, na littattafan bincike, hawa takwas ne, kuma benayen sama kowanne ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, har ginin ya yi kama da dala da aka kifa kanta ƙasa. Akwai hikima a cikin wannan siffa. Ta waje tagogin ƙanana ne, domin a kare littattafai daga hasken rana, a kuma kare masu karatu daga ƙarar motoci. Hasken da ake bukata yana shigowa ne ta wata buɗaɗɗiyar tsakar gida da ginin ya kewaye. A gefe kuma akwai sashen aron littattafai, mai hawa uku, wanda aka lanƙwasa shi kamar baka. A lokacin da aka buɗe shi ana lissafta shi cikin mafi girman ɗakunan karatu na birane a nahiyar Turai.

Sai dai abin da aka gina bai cika abin da aka zana ba. Madin ya so a lulluɓe bangon da dutse mai daraja, hukumar birni ta ce kuɗi ba su kai ba, aka sa faifan kankare. An shirya tashar bas a ƙarƙashin ginin, ba ta yi aiki ba. An shirya wuraren shaƙatawa masu tafkunan ruwa da waɗansu gine-ginen jama'a a kewaye, mafi yawansu ba su tabbata ba, daga baya ma aka sayar da filayen aka yi otal da ofisoshi. Wajen 1990 aka rufe tsakar gidan da rufin gilashi, aka cika ta da kantuna da gidajen abinci. An rufe laburaren ran 29 ga Yuni 2013, yana da shekara 39 da buɗewa.

3.0 Hujjojin Rushewa

Hujjojin da aka kafa don kawar da ginin sun kasu kashi uku: cewa mummuna ne, cewa ya lalace, da cewa ya tare hanya kuma bai dace da aikinsa ba. Nauyinsu bai zama ɗaya ba, saboda haka ya kamata a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

3.1 Hujjar Muni

Wannan ita ce hujjar da ta fi yawo a bakin jama'a, kuma ta sami ƙarfi tun 1988, lokacin da Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya kwatanta ginin a wani shirin talabijin da wurin da ake ƙona littattafai. Maganar ta bi ginin har ƙarshen kwanansa. Amma tarihin wannan fili da kansa ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan da irin wannan hujja. Kafin laburaren Madin akwai wani tsohon laburare na jan bulo, wanda J. H. Chamberlain ya sake ginawa aka buɗe a 1882, bayan gobarar da ta cinye na farko a 1879. A shekarun 1950 da 1960 masu faɗa-a-ji na birnin suna kallon irin waɗannan gine-gine na zamanin Sarauniya Victoria a matsayin tarkace masu duhu da yawan ado marar amfani. Herbert Manzoni, injiniyan birnin daga 1935 zuwa 1963, bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa bai ga wata babbar fa'ida a riƙe tsofaffin gine-gine ba. Da wannan ra'ayi aka rushe Kwalejin Mason a 1964, aka kuma rushe tsohon laburaren a 1974. A yau samun ɗan Birmingham da zai ce an kyauta da aka rushe su abu ne mai wuya.

Ashe ke nan laburaren Madin ya tashi ne a kan kufan waɗanda aka kira munana, sa'an nan shi ma aka kira shi mummuna bayan shekara arba'in. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Darasin da ke ciki shi ne, kowace tsara takan ƙi ginin iyayenta, ta so na kakanninta. Mutanen da suka girma suna ganin gini yana tsufa a gabansu, suna tuna alkawuran da aka yi da shi ba a cika ba, su ne mafi ƙarancin cancantar yanke masa hukuncin da ba a iya warwarewa. Ra'ayi a kan kyau da muni yana juyawa, amma ginin da aka niƙe ya zama tsakuwa ba ya dawowa.

3.2 Hujjar Lalacewa

Gaskiya ne cewa a shekarunsa na ƙarshe ginin ya yi baƙi, kankarensa ya fara ɓarewa, hanyoyin ƙarƙashinsa kuma sun zama wuraren da mutane ke tsoron bi da dare. Amma wajibi ne a tambaya: wa ya bar shi ya kai ga haka? Hukumar da ta rage kuɗin lulluɓe bango ita ce ta bar shirin kewayensa a yashe, ita ce ta ba da tsakar gidansa haya ga masu kantuna, ita ce kuma tun farkon shekarun 2000 ta sanar cewa za ta yi sabon laburare. Daga ranar da aka san gini zai tafi, babu mai sake kashe masa kuɗin gyara na kirki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kuwa mai gidan ne ya ga tsagar ya ƙyale, daga baya ya nuna ƙadangaren a matsayin shaida. Hujjar da mai ƙara ya ƙera da hannunsa ba ta da nauyi a gaban alƙali mai adalci.

3.3 Hujjar Tare Hanya da Rashin Dacewa

Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, kuma masu kare ginin ba su yi mata adalci ba a ko da yaushe. An gina laburaren ne a kan wani tsibiri da babban titin zobe na Manzoni ya kewaye, a zamanin da ake ganin mota ita ce sarauniyar birni, mai tafiya a ƙafa kuwa a tura shi ta gada ko ta rami. Duk mai son wucewa daga tsohon tsakiyar gari zuwa dandalin da Zauren Tunawa yake, tilas ne ya ratsa ta cikin ginin. Har ila yau, ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu ba su kai matsayin da ake bukata a yau ba ta fuskar zafi da laima. Waɗannan aibobi ne na haƙiƙa.

Amma ko da an karɓi wannan duka, abin da ya tabbatar shi ne cewa littattafai suna bukatar sabon gida, titin kuma yana bukatar gyara. Bai tabbatar da cewa ginin ya cancanci rushewa ba. Masu kare shi sun gabatar da zane-zanen yadda za a buɗe tsakar gidan, a mai da benayen wuraren aiki ko na baje kolin fasaha. Birnin Preston, a arewacin Ingila, ya nuna cewa irin wannan ba mafarki ba ne. Majalisar garin ta amince a ƙarshen 2012 a rushe babbar tashar bas ta kankare da aka buɗe a 1969, amma a watan Satumba 2013 aka sa tashar cikin rajistar kariya, aka gyara ta, har aikin gyaran ya sami lambar yabo ta duniya a 2021. Tashar Preston da laburaren Birmingham suna cikin jeri ɗaya na gine-ginen da ke cikin haɗari wanda ƙungiyar World Monuments Fund ta fitar na shekarar 2012. Abin da ya raba makomarsu shi ne sa hannun minista.

Daɗin daɗawa, akwai lissafin da a da ba a yin sa, amma yanzu ba a iya kau da kai daga gare shi. Sarrafa siminti yana fitar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya wadda ɗan Adam ke fitarwa. Rushe ƙaton gini mai ƙarfin ƙashi bayan shekara arba'in, a sake zuba wani kankaren a gurbinsa, biyan wannan farashi ne sau biyu.

4.0 Doka da Masu Riƙe da Ita

Ingila tana da tsarin rajistar gine-gine tun shekarun 1940, mai matakai uku, kuma ginin da ya shiga rajista ba a taɓa shi sai da izini na musamman. Bisa ƙa'ida, ba a cika duba ginin da bai kai shekara 30 ba. Masana ne ke ba da shawara, amma minista ne ke yanke hukunci. Hukumar masanan, English Heritage, ta ba da shawarar a sa laburaren cikin rajista har sau biyu, kuma sau biyu ana ƙi. Ƙi na biyu ya fito ne daga minista Margaret Hodge a watan Nuwamba 2009. A watan Janairu 2011 aka ba da takardar da ta haramta sa ginin cikin rajista har tsawon shekara biyar. Wa'adin takardar zai cika a Janairu 2016. A watan Disamba 2015, saura 'yan makonni, aka fara rusau, aka gama a cikin 2016. Madin bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a Janairu 2012, amma ya riga ya ga an rushe ofishin jaridar birnin da gidan rediyo da talabijin na Pebble Mill, waɗanda duk shi ya zana.

Abin da wannan jerin ranaku ke nunawa shi ne raunin doka a daidai wurin da aka fi bukatar ƙarfinta. Ƙa'idar shekara 30 an yi ta ne domin a bar lokaci ya tace ra'ayi. Amma shekara 30 zuwa 50 su ne shekarun da gini ke bukatar babban gyara na farko, su ne kuma shekarun da farashin filin da yake kai ya ninka. Filin laburaren yana tsakiyar birni na biyu mafi girma a Ingila, kuma hukumar da ke da alhakin kula da ginin ita ce mai cin ribar sayar da filin. A yau manyan gidajen ofis ne a wurin.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da sabon laburaren. An buɗe shi ran 3 ga Satumba 2013, Malala Yousafzai ce ta buɗe shi, jama'a kuma sun karɓe shi hannu biyu. An kashe masa kusan fam miliyan 189. Amma a 2015 ƙarancin kuɗi ya sa aka rage sa'o'in buɗe shi daga 73 zuwa 40 a mako, aka kuma rage ma'aikata. Birnin da ya iya gina sabo bai iya ciyar da shi yadda ya yi alkawari ba. Wannan ita ce cutar da ta kashe tsohon, kuma babu alamar cewa sabon rufi magani ne gare ta.

5.0 Dalilin Tsirar Zauren Tunawa

Mai karatu zai iya cewa zauren ya tsira ne domin ya fi kyau, ko domin ya fi tsufa. Dukkan amsoshin ba su gamsar ba. Tsohon laburaren 1882 ya fi shi tsufa da ado, bai tsira ba. Zauren kuma ya cika shekara arba'in a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da rusau ya fi ƙamari a birnin, amma ba a kawar da shi ba.

Dalili na farko shi ne suna. Zauren yana ɗauke da sunayen mutane, kowane suna kuma yana da dangi a gari. Wanda ya ɗaga hannu a kansa ya san zai fuskanci jikokin mamatan. Dalili na biyu shi ne al'ada mai maimaituwa. Kowace shekara, ran 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, mutanen Birtaniya sukan yi shiru na minti biyu, su ajiye furanni a irin waɗannan wurare. Ginin da ake komawa gare shi a rana sananniya ba ya faɗawa cikin mantuwa. Ba mamaki da ɗaga darajarsa ya zo a 2014, shekarar cika ɗari da fara yaƙin. Dalili na uku, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ƙanƙanta: filin da ya ci bai kai ya tsone wa 'yan kasuwar filaye ido ba.

Laburaren ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Dubban ɗaruruwan mutane sun yi karatu a cikinsa, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu da 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani, amma ba a rubuta sunan kowa a bango ba, ba shi kuma da ranar da ake taruwa dominsa. Alhali shi ma abin tunawa ne, domin shaida ne na zamanin da hukumomin birane suka yi imani cewa talaka ya cancanci fada ta ilmi a tsakiyar gari, kyauta. Kuskuren masu kare shi shi ne sun fi yin magana da harshen masana zane, a kan siffa da salo, suka makara wajen tara labarin waɗanda ginin ya yi wa rana.

Duk da haka, tsirar zauren ba cikakkiya ba ce. An gina shi ne tare da wata doguwar rumfar ginshiƙai da ke fuskantarsa. Lokacin da aka shimfiɗa sabon dandali a wurin, wajen 1989 zuwa 1991, sai aka ciccire rumfar aka kai ta wani lambu da ke harabar cocin St Thomas, wanda bama-baman 1940 suka rushe. Haka kuma aka yi da ɗakin tunawa da Shakespeare na 1882: an kwance shi daga tsohon laburare a 1974, aka sake haɗa shi a 1986 kusa da ginin Madin, aka kuma ɗauke shi zuwa ƙololuwar sabon laburare a 2013. Wannan wata irin adanawa ce da ke ceton abu ta raba shi da muhallinsa. Ta fi asara gaba ɗaya, amma tana koya wa hukuma cewa abin tunawa kaya ne da ake iya matsarwa duk lokacin da ya tare wa ciniki hanya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa daga cikin hujjoji uku da aka rushe Babban Laburaren Birmingham da su, ta farko ra'ayi ce mai juyawa, ta biyu sakamakon sakacin mai gini ce, ta uku kuwa ta wajabta gyara ne kawai. An kuma ga cewa abin da ya kare Zauren Tunawa ya riga doka zuwa, watau jama'ar da ke ganin ginin nasu ne, suna kuma komawa gare shi. Taken birnin kalma ɗaya ce mai ma'anar "gaba", kuma ya bi wannan take har ya rushe babban laburarensa sau biyu a cikin shekara 42.

Wannan batu bai tsaya a Ingila ba, domin salon kankare ya bazu a duniya a daidai lokacin da ƙasashen Afirka ke samun mulkin kai, da shi kuma aka gina jami'o'i da majalisu da filayen wasa na wancan zamani. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, ya daɗe a yashe kafin a rushe shi a 2020, yana da shekara 43, watau a cikin wannan tsakani mai haɗari da aka bayyana a farko. Aikin da ke gaban masana tarihi da malamai da ɗaliban bincike shi ne su rubuta labarin irin waɗannan gine-gine tun suna tsaye: wanda ya zana, wanda ya gina, abin da aka yi a ciki, da waɗanda suka amfana. Muddin "ginin tarihi" a harshe yana nufin ginin ƙasa kaɗai, to, gine-ginen shekarun 1960 da 1970 za su ci gaba da tafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ji an yi rashi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.